Dillali ya kawo mai gyaran na'urar sanyi, aiki ya lalace: wa zai biya?

Tambaya: Na sayi gida ta hannun wani kamfanin dillancin gidaje. Kafin a rufe ciniki, wanda ya duba mini gidan ya ce na'urar sanyaya ɗakuna da ta ɗumama gida suna neman gyara. Kamfanin ya ce in bar masa, ya kawo mai gyara, aka ce an gama. Wata huɗu da tarewata kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas a na'urar sanyi, ta mutu, ruwa kuma ya jiƙe silin falo har ya rufto. Kamfanin ya ce shi dillali ne kawai, in je in nemi mai gyaran, shi kuwa ya daina ɗaukar waya. Wa zan kama?

Amsa: Malam, maganar nan ta "mu dillalai ne kawai" rabin gaskiya ce. Haɗa mai saye da mai sayarwa ba ya ɗora wa mutum alhakin aikin hannun wani. Amma ranar da kamfani ya ce "bar mana," ya ɗauki wani kaya bayan dillanci, kuma a kan wannan kayan za a tambaye shi. Kotu ba ta tsayawa kan sunan da kamfani ya kira kansa. Abin da take bi shi ne wa ya zaɓi mai gyaran, da sunan wa aka ba shi aikin, me kamfanin ya faɗa maka, da kuma abin da ya sani ya yi gum. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani wuri ma daga jiha zuwa jiha, saboda haka lauyan inda gidan yake shi ne mai yanke maka magana. Abin da zan shimfiɗa maka a nan ƙashin bayan lamarin ne, wanda kusan ko'ina haka yake.

Kafin a kai ga doka akwai abu biyu na gaggawa. Na farko, kada ka kunna na'urar ɗumamar nan idan mai ƙona gas ce ko mai, sai wani ƙwararre na daban ya auna hayaƙinta. Hannun da ya yi sakaci a ɓangaren sanyi shi ne ya taɓa ɓangaren wuta. Bututun hayaƙi da bai zauna daidai ba, ko tsagewa a akwatin ƙarfen da wuta ke ci a ciki, yakan turo iskar kabon monoksaid cikin ɗaki, kuma iskar nan ba ta da launi ba ta da wari. Harshen wuta da ya koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, baƙin hayaƙi a jikin na'ura, ciwon kai da jiri da ke sauƙi in an fita daga gidan, duk alamu ne da ba a wasa da su. Ka sa ƙararrawar gano iskar kusa da ɗakunan kwana tun yau.

Na biyu, kada ka bari kowa ya gyara na'urar sanyin kafin a rubuta halin da take ciki. Nan ne mafi yawan masu ƙara ke kashe kansu da hannunsu. Zafi ya dame su, su kira wani ya canza kwamfuresa, ya zuƙe gas ɗin sanyi, ya tafi da tsohuwar a matsayin gwangwani. Bayan wata uku a tsaya gaban alƙali babu abin nunawa sai baki. Matacciyar kwamfuresar nan ita ce babbar shaidarka. In ma dole ta sa a cire ta, a toshe bakin bututunta, a rubuta kwanan wata a jikinta, ka ajiye ta a wurinka.

Dalilin wannan shi ne, mutuwar na'ura bayan gyara ba ta nufin gyaran ne ya kashe ta. Kwamfuresa takan yi shekara 10 zuwa 15 tana aiki. Idan taka ta riga ta shekara 14, kamfanin zai ce kwananta ne ya ƙare, kuma ba lallai ne ya yi ƙarya ba. Ka duba lambar da ke kan farantin jikin na'urar waje, daga ita ake gane shekarar da aka ƙera ta. Sannan ka ɗauko ƙwararre mai lasisi wanda ba shi da alaƙa da kamfanin ko mai gyaran farko, ka biya shi kuɗin rahoto kaɗai, ba na gyara ba. Wanda yake sa ran sayar maka da sabuwar na'ura, rahotonsa ba ya da nauyi sosai.

Abin da zai fara tabbatarwa shi ne ko kwamfuresar ce ta mutu da gaske. Sau da yawa kafasita ce ta ƙone, ƙaramin abu mai araha da ke taimaka wa kwamfuresa ta tashi, sai a ɗora wa kwamfuresa laifi. In ta tabbata ita ce, sai a nemi abin da ya kashe ta, kuma mugun aiki yana barin sawu.

Duk wanda ya buɗe bututun gas ɗin sanyi, dole ne ya gwada shi da naitirojin don ya ga ko yana yoyo, sannan ya zuƙe iska da danshi da famfo har ma'aunin iskar da ta rage a bututun ya sauka zuwa maikiron 500 ko ƙasa da haka, ya rufe ya jira ya ga ko zai tsaya. Mai gaggawa yakan tsallake wannan, ya ɗan saki gas ya kore iskar, ya ce ya isa. Danshin da ya rage yana haɗuwa da man kwamfuresa, musamman irin man da ake sa wa na'urori masu gas ɗin R-410A da R-32 wanda yake shan danshi ƙwarai, sai ya zama asid. Asid ɗin ya riƙa cin rufin wayoyin injin kwamfuresar a hankali har ta ƙone. Wannan yana iya faruwa cikin 'yan watanni, kamar wata huɗun da ka faɗa. Akwai ɗan kayan gwaji mai sauƙi da ake ɗiga masa man, ya nuna ko akwai asid. Haka nan wanda ya yi walda a bututun jan ƙarfe ba tare da ya bar naitirojin na ratsawa ciki ba, yakan bar baƙin ɓawo a cikin bututun, ɓawon ya bi gas ya toshe ƙaramar ƙofar da ke rage matsi. In an yanka matatar da ke kan bututun aka ga baƙin gari, ka sami hujja.

Sai yawan gas. Ana auna shi da sikeli, gwargwadon abin da ke rubuce a farantin na'ura, a ƙara kaɗan idan bututu ya zarce tsawon da masana'anta ta tanada. A ƙananan na'urori ƙarin yakan kai kamar giram 20 a kowace mita. Wanda ya cika gas da ido ko da taɓa bututu, in ya yi yawa ruwan gas ya koma cikin kwamfuresa ya fasa mata bawul, domin iska aka yi ta ta matsa, ba ruwa ba. In ya yi kaɗan kuma ta rasa abin da zai sanyaya ta, ta yi ta zafi har ta ƙone. Na'ura mai lafiya, iskar da take fitarwa takan fi wadda take shaƙa sanyi da digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Salsiyos. Da mai gyaran ya rubuta wannan adadi da matsin gas a takardar kammala aiki, da yanzu an huta. Rashin takardar ma kansa abin faɗa ne a kotu.

Maganar silin ta fi sauƙin ganewa. Na'urar sanyi tana tatsar ruwa daga iska, lokacin danshi lita ɗaya ko fiye a awa, kuma ruwan yana bin bututu ne da gangara kawai. Ƙa'idar ita ce gangarar ta kai santimita 1 a kowace mita. Bututun da ya lanƙwashe a tsakiya, ko aka ɗaga shi don a tsallake katako, ruwa zai kwanta a ciki, gansakuka ta toshe shi. Na'urar da ke zaune saman silin ya kamata a sa mata tire na biyu a ƙarƙashi, da makunni mai yawo kan ruwa wanda zai kashe ta in tiren ya cika. A duba ko yana nan, ko kuwa an haɗe wayoyinsa an tsallake shi. Amma ka san wani abu guda: matatar iska da ta toshe da ƙura takan sa ƙanƙara ta daskare a cikin na'urar, in ta narke ta malale. Idan wata huɗun nan ba ka taɓa wanke ko canza matata ba, da wannan za su fara yi maka kariya. Gara ka ji daga bakin ƙwararrenka tun yanzu.

To, a ce rahoto ya nuna mugun aiki ne. Wanda ya fi kowa alhaki shi ne mai gyaran. Ƙa'idar da aka saba da ita a yawancin ƙasashe ita ce, wanda ya ba ɗan kwangila mai zaman kansa aiki ba ya ɗaukar laifin sakacinsa, saɓanin ma'aikacin da yake ƙarƙashinsa. A kan wannan ƙa'ida kamfanin ya jingina. Sai dai tana da ƙofofi.

Idan mai gyaran ɗan albashin kamfanin ne, ko kuma kamfanin ne ke ba shi kayan aiki, yana tsara masa lokaci, yana gaya masa yadda zai yi, to ma'aikacinsu ne ko da me suka kira shi a takarda, laifinsa nasu ne. Wannan ba kasafai ake samunsa a dillancin sayarwa ba, an fi samunsa a kamfanonin da ke kula da gidajen haya.

Ƙofar da na fi ganin ta dace da kai ita ce sakaci wajen zaɓe. Nan ba laifin mai gyara ake ɗora wa kamfani ba, nasa na kansa ne. Wanda ya ɗauki nauyin nemo mai aiki, wajibi ne ya yi abin da mai hankali zai yi: ya ga lasisi, ya ga takardar inshora, ya san ko an taɓa kawo ƙorafi a kansa. Aikin gas ba na kowa da kowa ba ne. A Amurka, sashe na 608 na dokar tsabtar iska ya hana mutum taɓa gas ɗin sanyi sai da takardar shaida. A Birtaniya ba a aikin na'urar da ke ƙona gas sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. Kamfanin da ya kawo mutum marar irin wannan takarda, a inda doka ta wajabta ta, ya shiga tsaka mai wuya. In kuma ta bayyana cewa an sha kawo musu kukan aikin mutumin nan amma suka ci gaba da tura shi, ko suna karɓar la'ada daga hannunsa ba su gaya wa kowa ba, magana ta ƙara muni. La'adar ɓoye ita kaɗai ta isa a kai su gaban hukumar da ta ba su lasisi.

Sai abin da suka faɗa da bakinsu. Akwai bambanci babba tsakanin "ga takardar mai gyara, ya ce ya gama" da "mun duba, komai lafiya lau." Na farko isar da saƙo ne. Na biyu tabbaci ne daga wanda ya san za ka dogara da shi ka biya kuɗi. Tun 1963 kotun ƙoli ta Ingila a lokacin, a shari'ar Hedley Byrne da Heller, ta amince cewa magana ta sakaci da aka dogara da ita tana iya jawo diyya ko da babu kwangila tsakani. Abin lura a shari'ar, bankin da aka kai ƙara ya tsira, saboda ya rubuta a wasiƙarsa cewa ba ya ɗaukar alhakin abin da ya faɗa. Don haka ka koma kan saƙonnin waya da imel ɗinku ɗaya bayan ɗaya, har da ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda.

Ɓoye aibi shi ne mafi nauyi, kuma shi ne mafi wuyar tabbatarwa. A ce mai gyaran ya gaya wa kamfanin cewa kwamfuresar tana gab da mutuwa, a canza ta, su kuma suka ce ya ƙara gas kawai ta kai ranar sa hannu. Wannan ya wuce sakaci, ya zama yaudara, kuma a mafi yawan wurare babu sharaɗin takarda da ke wanke yaudara. Hujjarsa takan kasance a takardar ƙiyasin kuɗi ta farko da mai gyaran ya bayar. In ya ba da ƙiyasi biyu, babba da ƙarami, aka zaɓi ƙaramin ba a gaya maka ba, ka nemi a fito da duka biyun. Wasu wuraren ma sun wuce nan. A Kalifoniya, shari'ar Easton da Strassburger ta 1984 ta ɗora wa dillalin mai sayarwa nauyin duba gida da kansa da bayyana aibin da mai lura zai gani. Daga baya majalisar jihar ta taƙaita shi ga dubawar ido a wuraren da ake iya kaiwa. Tabon ruwa a silin ido na ganinsa. Asid a cikin mai kuwa ba aikin dillali ba ne ya gano shi, kuma ba na jin akwai kotun da za ta ce haka.

Kada ka manta da mai sayarwa. A al'ada kamfanin wakilinsa ne, ba naka ba, ko da kuwa sun yi maka fara'a. Idan an rubuta a yarjejeniyar ciniki cewa za a gyara na'urorin kafin a miƙa makulli, alkawarin na mai sayarwa ne, kuma aikin da wakili ya yi cikin hurumin da aka ba shi yana komawa kan wanda ya wakilta shi. Sau da yawa wannan ce hanya mafi gajarta, domin ba sai ka tabbatar da sakacin kowa ba, ka nuna kawai an yi alkawari ba a cika ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in akwai takardar bayyana halin gida da ya cike ya sa hannu, a kwatanta ta da tarihin gyare-gyaren na'urar. Ka duba kuma yadda aka rubuta sharaɗin. "A gyara" kawai magana ce sako-sako. "Ƙwararre mai lasisi ya gyara, a kawo rasit da garanti" ita ce mai haƙori.

Rasit ɗin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda sunan da ke kansa shi ke nuna wanda ya ƙulla kwangila da mai gyaran. In sunan mai sayarwa ne ko na kamfani, kai baƙo ne a kwangilar, garantin aikin ba lallai ya biyo ka ba sai an miƙa maka shi a rubuce. Duk da haka a ƙasashe da yawa kana iya kai mai gyaran ƙara kai tsaye kan ɓarnar da ya yi wa sauran dukiyarka, wato silin, fenti da kujeru. Kuɗin ita kanta na'urar da aka yi wa mugun aiki ya fi wuyar samu ta wannan hanya, an fi neman sa ta kwangila. Shi ya sa lauya mai wayo yakan haɗa su ukun a ƙara ɗaya, ya bar su su yi ta nuna wa juna yatsa a gaban alƙali.

Za su ɗauko maka sharaɗin "an sayar yadda yake," in yana cikin takardarku. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, haka za su ce. Sharaɗin yana aiki a kan aibin da ka sani ko ka iya gani. Ƙarfinsa yana raguwa sosai idan a takarda ɗaya aka yi alkawarin gyara takamaimai, kuma ba ya rufe aibin da aka ɓoye da gangan.

Da a ce haya kake, lissafin zai ɗan sauya. Mai gida ne ke da nauyin gyara a gabanka, kamfanin da ke kula da gidan kuma yana amsa wa mai gida bisa yarjejeniyarsu. A Birtaniya, dokar 1998 ta wajabta a duba na'urorin gas na gidan haya duk wata 12, kuma yarjejeniyar kula da gida ce ke nuna ko nauyin shirya dubawar ya koma kan kamfani. Kamfanin da aka kai wa ƙorafi a rubuce ya share, har wani ya cutu, ba ya fakewa da cewa gidan ba nasa ba ne.

Yanzu ka tattara yarjejeniyar ciniki, rahoton duba gida na farko, rasit, saƙonni, hotuna masu kwanan wata da sabon rahoton. Ka sanar da kamfanin inshorar gidanka maganar silin nan da nan, domin jinkiri kan sa su ƙi biya, in sun biya kuma su da kansu za su bi wanda ya jawo ɓarnar. Sannan ka rubuta wasiƙa ɗaya ga kamfani, mai sayarwa da mai gyaran, ta hanyar da za ta bar shaidar isa. Ka faɗi abin da ya faru da ranakunsa, ka haɗa rahoton, ka ba su kwana 14 su turo nasu ƙwararren ya duba kafin ka gyara, ka kuma nemi su miƙa wasiƙar ga masu inshorarsu. Kamfanonin dillanci da yawa suna da inshorar kuskuren sana'a, kuma da zarar takarda ta isa can, wanda zai amsa maka ba shi ne wanda ya ce "ba ruwanmu" ba. Kada ka zuba zagi ko zargin damfara a intanet kafin hujja ta kammala, kana iya mai da kanka wanda ake ƙara.

Game da abin da za ka samu, kada ka sa ran sabuwar na'ura kyauta. Diyya tana mayar da mutum inda zai kasance da an yi aikin daidai, ba gaba da nan ba. Na'ura mai shekara 9 da ake sa ran ta kai 15 saura mata shekara 6, don haka ana iya ba ka kashi 40 cikin 100 na kuɗin sabuwa, sai kuɗin gyaran silin da na rahoto. Kai ma akwai naka nauyin na taƙaita ɓarna: ka kashe na'urar, ka busar da wurin cikin kwana ɗaya ko biyu kafin fumfuna ta kama. Ɓarnar da ta ƙaru don ka zuba ido, kai za ka ɗauke ta.

Ka duba ko yarjejeniyarku ta wajabta sulhu ko zama gaban mai shiga tsakani kafin kotu, domin tsallake wannan yakan sa a kori ƙara ko a hana ka kuɗin lauya. Lokaci kuma yana tafiya. A Ingila shekara 6 ce ga ƙarar kwangila, 3 ga raunin jiki. A Kalifoniya ƙarar dillali kan waccan dubawar ido shekara 2 ce kacal. Garantin aikin hannu ya fi duka gajarta, wani kwana 90, wani shekara ɗaya, kai kuma ka riga ka ci wata huɗu. Tambayar farko da za ka yi wa lauya ita ce ranar da kowane wa'adi zai cika, ka rubuta ta ka ajiye tare da takardun.